Raɗin Suna a Bariki

Duk malamin tarihi da ya ɗauko taswirar duniya ta shekarar 1970 ya shimfiɗa ta kusa da ta yau, zai tarar da maƙwabtan Nijar sun sake kamanni ba tare da iyakarsu ta gusa sosai ba. Inda aka rubuta Dahome yanzu Benin ce. Haute-Volta ta zama Burkina Faso. Tauraron nan da ke nuna babban birnin Najeriya ya taso daga bakin teku a Legas, ya sauka tsakiyar ƙasa, a wani wuri da tsohuwar taswirar ta bari kusan fili. Can nesa kuma Kwango ta zama Zayir ta sake komawa Kwango, Bama ta zama Miyanma, fadar mulkinta ta bar Rangun ta shige daji. Abin da ya haɗa waɗannan canje-canje shi ne, kowannensu mai riƙe da bindiga ne ya zartar da shi, kuma babu ko ɗaya da aka jefa wa ƙuri'a domin jin ra'ayin masu ƙasar.

Littattafan lakwal sukan ba da su a matsayin ranakun da yaro zai haddace ya zuba ranar jarrabawa. Wannan ragin daraja ne, domin suna shi ma ƙagaggen zance ne, akwai wanda ya tsara shi, akwai waɗanda ake so su saurara, yana iya yin armashi, yana iya lalacewa. Birnin da aka zana a takarda kafin a aza tubali shi ma haka yake. Saboda haka sun cancanci irin awon da ake yi wa waƙa ko wasan kwaikwayo. Hausa kuwa tana da mudun wannan awo tun da daɗewa. Ta san sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ranar bakwai, maroƙi ya ɗaga murya ya shaida wa taro, a raba goro, a zubar da jinin rago. Ta san laƙabi, wanda jama'a ke liƙa wa mutum ko yana so ko ba ya so. Ta san kirari, ta kuma san sunan sakaye, wanda ake kira saboda alkunya don kada baki ya taɓa ainihin sunan. A cikin waɗannan duka babu wanda ke tsayuwa sai da shaidu. Raɗin sunan da ake yi a bariki shi ne ba ya da shaidu: ana kwana da suna ɗaya, a wayi gari rediyo ta sanar da wani. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa wasu daga cikin irin waɗannan sunaye suka kama ƙasa suka yi jijiya, wasu kuwa aka binne su tare da mai raɗin.

Mobutu ne ya fi kowa yawan raɗi, kuma aikinsa ya kasu biyu, ɗaya mai kyau ɗaya ɓatacce. Ya ƙwace mulki a watan Nuwamba na 1965. A 1966 ya cire wa manyan birane sunayen Turawan Beljiyam: Léopoldville ta zama Kinshasa, Stanleyville ta zama Kisangani, Élisabethville ta zama Lubumbashi. Har yau ba wanda ya nemi a maido da tsofaffin. Dalili a fili yake: Mobutu bai ƙago waɗannan sunaye ba. Kinshasa sunan wani ƙauye ne da ke wurin tun kafin zuwan Stanley, Lubumbashi sunan kogin da ke ratsa garin ne. Suna cikin bakin mutane tuntuni, doka ta zo ta sa hannu kawai a kan abin da harshe ya riga ya yanke.

Aiki na biyu ya zo ranar 27 ga Oktoba 1971, lokacin da ƙasar ta zama Zayir, babban kogin ya zama Zayir, ga kuɗin ƙasar da ake kira zayir tun 1967. An yi wannan ne da sunan komawa ga asali, amma abin mamaki, Kwango da aka yar sunan tsohuwar masarautar Afirka ne, Zayir da aka ɗauko kuwa lauyewar harshen Turawan Fotugal ce, waɗanda suka ji mutanen bakin kogi suna cewa nzadi, wato kogi, suka rubuta yadda kunnensu ya ba su. Ana iya ba Mobutu uzuri guda: Kwango sunan al'umma ɗaya ce daga cikin ɗaruruwa, ga kuma wata Kwangon a ƙetaren ruwa, a Brazzaville. Da sunan ya zo shi kaɗai, mai yiwuwa da ya rayu. Amma ya zo ne a ɗaure cikin dami guda da wasu dokoki. A 1972 an hana sunayen baftisma, har Kardinal Malula na Kinshasa ya yi gudun hijira na ƴan watanni zuwa Roma saboda ya ja da maganar. An hana kwat da laktaye, an tilasta wa maza wata riga mai suna abakos. An hana cewa mushe da madam. Shi kansa Joseph-Désiré ya zama Mobutu Sese Seko Kuku Ngbendu wa za Banga. Daga nan Zayir ta daina zama sunan ƙasa a kunnen mai sauraro, ta zama baiti ɗaya a cikin kirarin mutum ɗaya.

Kuskuren da ya fi muni a fuskar fasaha shi ne ɗaura sunan ƙasa a wuyan kuɗi. A 1967 zayir ɗaya tana daidai da dalar Amurka biyu. A farkon 1993 an biya sojoji albashi da takardar zayir miliyan 5, ƴan kasuwa suka ƙi karɓa, sojojin suka fantsama cikin Kinshasa suna wasoso, har jakadan Faransa ya rasa ransa a cikin hargitsin. A wannan shekarar aka fito da sabuwar zayir, ɗaya a madadin tsofaffi miliyan 3. Ke nan kullum safiya, duk matar da ta je cefane tana furta sunan ƙasarta a matsayin sunan abin da ba ya sayen komi. Babu kalmar da za ta jure irin wannan tozarci. Da Laurent-Désiré Kabila ya shiga Kinshasa a watan Mayu na 1997, ya share sunan da kalma ɗaya, shi ma ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma ba a ga taron masu makoki ba. Inda sunan ya saura yanzu shi ne cikin tsofaffin faifan garmaho, da labarin damben Muhammad Ali da George Foreman na 1974, da kuma littattafan likitoci, inda wani nau'in ƙwayar cutar Ebola ke ɗauke da shi har gobe.

Benin ba ta buƙatar dogon bayani. Mathieu Kérékou, ɗan arewacin ƙasar, ya karɓi mulki a 1972, ya cire sunan Dahome ranar 30 ga Nuwamba 1975. Dahome sunan masarautar Abome ne ta ƙabilar Fon, wadda ta daɗe tana kai wa maƙwabta yaƙi tana kama bayi, don haka mutumin Borgu ko na Atakora ba ya jin sunan a jikinsa. Sai aka ɗauko sunan mashigin tekun da ƙasar ke bakinsa, wanda shi ma ya samo shi daga masarautar Benin da ke cikin Najeriya, wadda ba ta taɓa mulkin wannan ƙasa ba. Sunan sakaye ne tsantsa: an kira na nesa don kada a ɓata wa na kusa rai. Ba ya da daɗin ji, ba ya kuma cizo. Shi ya sa taron ƙasa na 1990, wanda aka yi bayan an yar da aƙidar Markisanci, wanda kuma ya kai ga maido da tsohuwar tuta, ya bar sunan yadda yake. Wani lokaci rashin ma'ana shi ne ke ceton kalma.

Burkina Faso ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne aka yi aikin mai fasaha. An raɗa sunan ranar 4 ga Agusta 1984, shekara guda cif bayan hawan Kyaftin Thomas Sankara. Sunan da aka cire, Haute-Volta, adireshi ne kawai: ƙasar da ke saman kogin Bolta, kogin da shi ma Turawan Fotugal suka sa wa suna. Sabon kuwa an saƙa shi da zare uku. Burkina daga harshen More na Mosawa, tana nufin mutunci da riƙon gaskiya. Faso daga harshen Jula, gidan uba. Ɗan ƙasar kuma aka ce a kira shi Burkinabe, da ɗafin nan na Fulatanci da ke nuna jam'in mutane, wanda ba ya bambanta namiji da mace. Ba a taɓo kogi ba, ba a tono tsohuwar daula ba, ba a ambaci shugaba ba. An ɗauki wata ɗabi'a aka ce ita ce ƙasar. Kuma babu wanda zai iya fahimtar sunan gaba ɗaya da harshen uwarsa kaɗai, sai ya ari kalma daga maƙwabci. Wannan dabara ta fi jawabin haɗin kai dubu tasiri, domin tana aiki duk lokacin da baki ya buɗe.

Duk da haka bai kamata a rufe ido ga abin da ke bayan labule ba. Ƙasar tana da harsuna kusan sittin, uku kaɗai suka shiga. Gurmawa da Lobi da Buzaye sun ji sunan ne a rediyo kamar kowa. Abin da ya fi shafar malamai kuwa shi ne, a watan Maris na wannan shekara ta 1984, ƴan watanni kafin ƙasar ta zama gidan masu mutunci, gwamnatin Sankara ta kori malaman firamare fiye da dubu ɗaya daga aiki saboda sun yi yajin aiki, ta maye gurbinsu da waɗanda aka ba horon gaggawa. Waɗanda ya kamata su fara rubuta sabon sunan a kan allo suna zaune a gida ba albashi. Kyan suna bai wanke hanyar da aka bi aka raɗa shi ba, kuma masu son Sankara da ke tsallake wannan shafi ba su yi wa sunan adalci ba, tunda shi kansa sunan gaskiya yake nema.

To, me ya sa ya rayu? An kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987. Blaise Compaoré, wanda kotun soja ta Wagadugu ta yanke wa ɗaurin rai da rai a bayan idonsa a 2022 saboda wannan kisa, ya yi shekara 27 a kan mulki. Ya rushe kwamitocin juyin juya hali, ya sake taken da ke jikin hatimin ƙasa, amma bai taɓa sunan ba. Sunan kuwa ya zame masa ƙaya, domin suna ne da talaka zai iya ɗauka ya jefi mai mulki da shi. Duk wanda ya ga an saci dukiyar jama'a yana iya tambaya ko wannan ce ƙasar masu mutuncin. Matasan da suka cika titunan Wagadugu a ƙarshen Oktoban 2014, da hotunan Sankara a hannu, har Compaoré ya sauka, da wannan tambayar suka fito. A Zayir ba wanda ya isa ya tuhumi Mobutu da cin amanar Zayir, tunda shi ne Zayir ɗin. Bambancin ke nan tsakanin kirarin da aka yi wa sarki da kirarin da aka yi wa jama'a: na farko yabo ne, na biyu bashi ne, kuma mai bin bashi ba ya barin takardarsa ta ɓata.

Ƙasar Bama, wadda tsofaffin sojojin arewacin Najeriya suka shigar da sunanta cikin Hausa bayan yaƙin duniya na biyu, ta ba da misali na dabam. Sojojin da suka murƙushe boren 1988 da jini sun kafa doka a watan Yuni na 1989, suka ce daga yau a rubuta Miyanma a harsunan waje, Rangun kuma Yangon. A cikin harshen ƙasar kusan babu abin da ya canza, domin Miyanma da Bama kalma ɗaya ce mai fuska biyu, ɗaya ta rubutu ɗaya ta hira, kuma dukansu babbar ƙabilar ƙasar suke nufi. Da duniyar waje ake magana. Duk gwamnatin da ta rubuta sabon sunan kamar ta amince da masu raɗin ne, waɗanda suka ƙi miƙa mulki bayan sun sha kaye a zaɓen 1990. Shi ya sa Amurka ta daɗe tana riƙe da tsohon, masu adawa ma haka. Sunan da ba ya da aibi a nahawu ya zama abin rantsuwa, mutum ya furta a gane ɓangarensa.

Waɗannan sojoji ne kuma suka kai ga mataki na gaba, wato gina birni. Suna aiki ne mai araha, kuma harshen jama'a yana iya ƙwace shi ya juya shi. Birni kuwa siminti ne da kwalta, ba ya juyuwa. Ranar 6 ga Nuwamba 2005 motocin ɗaukar kaya suka fara kwashe ma'aikatu daga Yangon zuwa wani fili kusa da garin Pyinmana, kimanin kilomita 320 arewa. Sai ranar 27 ga Maris 2006, ranar bikin sojoji, aka bayyana sunansa, wanda ake rubutawa Naypyidaw ana faɗi Nepido, ma'ana mazaunin sarauta. Janar Than Shwe ya karɓi faretin a gaban manyan gumakan sarakuna uku na dauri, Anawrahta da Bayinnaung da Alaungpaya. Hujjar da aka bayar ita ce Yangon ta cunkushe kuma sabon wurin yana tsakiyar ƙasa. Amma tsarin garin yana faɗin abin da jawabi ya ɓoye. An raba shi shiyya-shiyya: ta ma'aikatu, ta soja, ta otal-otal, ta gidajen ma'aikata, kowace nesa da ƴar'uwarta. Titin da ke wucewa gaban majalisa yana da layi 20, galibi ba kowa a kansa. Gari ne da aka zana yadda taro ba zai haɗu ba, in ya haɗu ma ya ga kansa ɗan ƙarami. Lokacin da dubban malaman addinin Buda suka yi jerin gwano a Yangon a 2007, masu mulki suna tafiyar yini daga amon muryarsu. Da soja ya sake ƙwace mulki ranar 1 ga Fabrairu 2021, ya tarar da zaɓaɓɓun ƴan majalisa a tare cikin masaukinsu na gwamnati, a garin da ba jama'ar da za ta kewaye su. Birnin ya yi aikin da aka gina shi dominsa.

Ba soja kaɗai ke gina irin wannan fada ba. Houphouët-Boigny farar hula ne, ya mai da ƙauyensu Yamusukuro babban birni a 1983. Zaɓaɓɓen shugaba ne ya buɗe Baraziliya a 1960. Abin da soja ke ƙarawa shi ne sauri da shiru, da kuma wani tsoro na musamman, tsoron wanda ya san yadda ake shiga fada da dare domin shi ma ta nan ya shigo.

Abuja ta fi dukansu wuyar yanke wa hukunci, kuma ta fi kusa da mai karatun Hausa. Hujjarta mai ƙarfi ce. Ƙasar ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Legas tana ƙuryar kudu maso yamma cikin ƙasar Yarbawa, ruwa ya matse ta, motoci sun shaƙe ta. Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin mai shari'a Akinola Aguda a 1975, ya sanar da sabon yankin tarayya ranar 3 ga Fabrairu 1976, aka harbe shi cikin cunkoson titin Legas bayan kwana goma. An yanka fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, wani kamfanin haɗin gwiwa na Amurka ya zana babban tsarin garin, Kenzo Tange na Japan ya tsara tsakiyarsa. Aikin ya yi ta jan ƙafa, gwamnati tana zuwa tana wucewa. Abin da ya zaburar da ƙaura shi ne daren 22 ga Afrilu 1990, lokacin da sojojin Manjo Gideon Orkar suka yi luguden wuta a barikin Dodan, Janar Babangida ya sha da ƙyar. Ranar 12 ga Disamba 1991 ya tare a gindin dutsen Aso. Mafarkin haɗin kai ne ya zana Abuja, tsoro ne ya kai mata mazauninta na farko.

An ce an zaɓi wurin ne domin ba na kowa ba ne. Wannan jimla ita ce babban rauni a cikin labarin. Ba na Bahaushe ba ne, ba na Bayarabe ba, ba na Ibo ba, gaskiya ne, amma na Gwari ne, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa. An yi alkawarin kwashe su duka a sake musu matsuguni da kuɗin gwamnati, da aka ga yawansu da tsadar abin sai aka janye daga cikar alkawarin, aka bar da yawansu garin yana cin gonakinsu unguwa bayan unguwa. Yankin ba ya da zaɓaɓɓen gwamna kamar jihohi, minista ne da shugaban ƙasa ke naɗawa yake riƙe da shi. Masu share ofisoshin da masu tuƙa motocin kuwa da yawansu a Nyanya da Mararraba da Kubwa suke kwana, su yi sammako su shigo garin da ba a zana musu ɗaki a cikinsa ba.

Sunan ma na wasu ne. Akwai Abuja tun 1828. Lokacin da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu da jama'arsa, bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa gari ya zagaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa. Mutumin Maraɗi ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari, domin irinsa ne ya kawo Ɗan Kasawa da sarautar Katsina bakin Gulbi, irinsa ne ya kai sarautar Gobir Tsibiri. Tsohuwar Abuja ƴar'uwar Maraɗi ce ta jini, gari ne na waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka tafi da tambarinsu. A can ne Ladi Kwali ta yi tukwanen da suka kai hotonta kan takardar naira 20, a makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950. Da gwamnatin soja ta buƙaci suna ga sabon birninta, sai ta ɗauki wannan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. An nuna abin a matsayin kyauta da girmamawa, kuma dabarar Sule-ja tana da kyau, tunda ta riƙe amon tsohon sunan. Amma mai karatu ya kwatanta a ce an gina sabon gari a gefen Maraɗi an ba shi sunan Maraɗi, an ce wa masu ganuwa su nemi wani. Yau miliyoyin mutane suna furta sunan Abu Ja kullum, kaɗan ne suka san mutum ne, kuma yaron da ya karanta cewa Ladi Kwali ta yi aiki a Abuja zai neme ta a inda ba ta zauna ba.

Duk da wannan, Abuja ta kuɓuce wa masu zanenta ta hanyar da Nepido ba ta yi ba. Jama'a sun cika ta har ta tumbatsa, kasuwanni sun tsiro inda tsari bai tanada ba, masu zanga-zanga sun sami dandalinsu, har uwayen ƴan matan Cibok da masu goya musu baya suka mai da bakin wani maɓuɓɓugar ruwa wurin zaman dirshan a 2014. Abin da ya faru da sunan Burkina ya faru da simintin Abuja: masu gari sun ƙwace shi daga hannun mai doka, ko da yake ba duka ba.

Nijar ta ga juyin mulki sau biyar, daga 1974 zuwa 2023, amma babu sojan da ya taɓa sunan ƙasar ko ya ɗauke fadarta. An riga an yi mata wannan tun zamanin mulkin mallaka. Damagaram ce ke riƙe da fadar yankin sojan Faransa tun 1911, sai a 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka mai da ita Yamai, wadda a lokacin ba ta wuce ƴan ƙauyuka a bakin kogi ba. An kawo hujjar ƙarancin ruwa, akwai kuma kusancin Damagaram da Kano ta Ingilishi, da nauyin fadar sarkinta. Sabon garin an zana shi da unguwar Turawa a kan tudu, kwarin Gunti Yena ya raba ta da ta ƴan ƙasa. Wato tazarar da ake gani a Nepido an taɓa auna ta a nan da igiyar Nasara.

Raɗin da ake yi a Nijar a ƴan shekarun nan ya tsaya ne kan tituna da dandali. A watan Oktoba na 2024 hukumomin soja sun cire sunan de Gaulle daga wani babban titi na Yamai suka sa na Jibo Bakari, jagoran Sawaba wanda ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar 1958, cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunan Jean Rouch kuma ta koma ta Mustafa Alasan, mai shirya fim. Waɗannan sun fi kama da Kinshasa a kan Zayir, domin sunaye ne da ke da dangi da tarihi a ƙasar kafin doka ta ambace su. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan ya ɗora wa malamai da ƙungiyoyin al'adu nauyin da ba su saba ɗauka ba, domin duk ranar da aka tashi sa wa makaranta ko kasuwa ko unguwa suna, su za a waiwaya, kuma Bazabarme da Buzu da Bafillace da Babarbare suna saurare su ji ko za a saƙa zarensu a ciki, kamar yadda aka yi a Wagadugu, ko za a ce musu filin ba na kowa ba ne.

A takardun hukuma da allunan kan hanya, tsohuwar fadar nan Zinder ce tun ranar da Bafaranshe ya fara rubuta ta. A tashar motar Maraɗi kuwa, yaran mota har yanzu Damagaram suke kira.